Cutar da ba ta da suna a Hausa

A matsayina na malamin harshe, na daɗe da lura cewa cutar da ba ta da suna a bakin jama'a ba kasafai ake kai ta asibiti ba. Mace ta yi ɓari uku a jere, sai a ce iska ce ko sammu, wani lokacin ma har igiyar aure ta yi rawa.

Alhali daga cikin irin waɗannan mata akwai masu fama da cutar da likitoci ke kira APS, wadda Dokta Graham Hughes ya fayyace a Landan a 1983. Garkuwar jiki ce ke juya wa mai ita baya, har jini ya riƙa daskarewa a cikin jijiyoyi. Idan gudan jinin ya toshe mabiyiya, sai ciki ya zube; idan ya tafi ƙwaƙwalwa, sai a ga ɗan shekara 30 da shanyewar ɓarin jiki. Maza ma ba ta ƙyale su ba.

Abin takaicin shi ne tana da magani. Mai ciki akan ɗora ta kan asfirin kaɗan da allurar heparin, bisa kulawar likita, kuma da yawa sun haihu lafiya ta haka.

Ni dai ina ba da shawarar mu kira ta "ciwon danƙon jini", don matar da ta sha ɓari ta san abin da za ta tambayi likita. Gwajin na jini ne, kuma ba a tabbatar da cutar sai an maimaita shi bayan mako 12.