Laifin wa ne idan wasiƙar imel ta koma wa wanda bai aika ba?

Masu amfani da imel sukan sami sanarwar cewa wasiƙarsu ba ta isa ba, alhali kuwa ba su aika da komai ba.

Matsalar ta samo asali ne daga tsarin SMTP, wanda aka fitar a 1982 domin jigilar wasiƙu tsakanin kwamfutoci. Tsarin ba ya tantance adireshin mai aikawa, saboda haka masu watsa wasiƙun banza sukan liƙa adireshin wani a matsayin nasu.

Idan kwamfutar da ke karɓar wasiƙu ta amshi saƙon, daga bisani ta gano cewa babu akwatin da aka nufa, sai ta tura sanarwa ga mai adireshin da aka sata.

Manhajoji irin su Exim, wadda Philip Hazel ya rubuta a Jami'ar Cambridge a 1995, da Postfix, wadda kamfanin IBM ya fitar a 1998, suna iya ƙin karɓar irin wannan saƙo tun a bakin ƙofa. Amma suna kuma bai wa mai kula da su damar sauya tsarin yadda ya ga dama, kuma a nan ne akan yi kuskure.

Wani lokaci marubucin manhaja yana da nasa kason laifin: qmail ta asali takan amshi saƙo tukuna, sannan ta duba akwatin.

Sai dai mai kula da kwamfutar ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Da zarar an sanya ta cikin jerin masu damun jama'a, wasiƙun ma'aikatarsa na gaskiya ma sai a riƙa ƙin karɓarsu.