Hauya ta huta, kada jiki ya yi tsatsa

Manoma ƴan uwa, da damana ba mai ce muku ku motsa jiki. Shibka da noman fari da maimai sun isa. Amma aikin hatsi wata 4 ne ko 5. In an ɗaure damma an sa rumbu, saura wata 7 ko 8 kafin ruwa ya sauka. Cikin waɗannan watanni ne jiki yake lalacewa.

Ku dubi yadda zama ya sake. Da, mutum yana zuwa kasuwar ƙauye da ƙafa, yau moto ke kai shi. Mai garka yana jan ruwa da wasaki, yau inji ke ja. Tela da mai kanti da ɗan kabu-kabu suna wuni zaune. A fada kuma ana shan shayi mai sukari da yawa har dare. Rashin motsi yana sa ƙiba, yana buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin lafiya lau, wata rana sai ɓarin jiki ya mutu. Gidan da mai noma ya kwanta, wa zai cika rumbunsa?

Kakanninmu sun san wannan. Bayan kaka samari suna kokowa da langa a dandali. Kokowar ƙasa da aka fara a Tawa cikin 1975, wadda Kantu na Maradi ya ci, daga wannan al'ada ta fito.

Likitoci na hukumar lafiya ta duniya sun ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki kowane sati. Wato minti 30 a rana, kwana 5. Tafiya da sauri ta isa, irin wadda numfashi zai ƙaru amma kana iya magana. Minti 30 wajen kilomita 2 da rabi ne.

Wani zai ce ba shi da lokaci. Ba sai an nemi sabon lokaci ba, a haɗa tafiyar da aikin da ake yi kullum:

1. Bayan sallar asuba, kada a koma shimfiɗa. A zaga gari ko a leƙa gona tun da sauran sanyi.
2. In tafiya ba ta wuce kilomita 2 ba, a aje moto. Kuɗin mai ma sun huta.
3. In minti 30 ba su samu gaba ɗaya ba, a yi 10 da safe, 10 bayan la'asar, 10 bayan isha.
4. A yi alkawari da maƙwabci. Ran da ƙyuya ta kama ka, shi zai buga maka ƙofa.
5. Kai taki gona, haƙa ramun tasa da gyaran darni duk motsa jiki ne, gona kuma ta ƙaru.

Matan da ke daka da ɗaukar ruwa da itace sun riga sun yi nasu, hutu da taimako suke so. Amma wadda injin niƙa da famfo suka hutar da ita, ita ma ta riƙa tafiya.

A yi hankali da bazara, lokacin da zafi yake wuce awo 40. Kada a fita da tsakar rana, a sha ruwa sosai. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya ƙara sannu sannu. In ka ji ciwon ƙirji ko juwa, ka tsaya, ka tafi likita. Duk wanda ya wuce shekara 40, ya sa a riƙa auna masa jini.

Kuna kai hauya maƙera kafin ruwan shibka. To, hannun da zai riƙe ta fa? Ku soma tun gobe da asuba. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.