'Ya'yan Shinge: Wanne Ake Ci, Wanne Ke Kai Yaro Asibiti?

Yaron da ya tashi a karkara ba ya buƙatar a nuna masa magarya ko kurna. Ya san ƙayarsu, ya san lokacin da suke nuna. Haka kanya da ɗinya da tsada. Matsalar tana jikin shingen da muka dasa da hannunmu.

Bini da zugu shi ne babban mai laifi. Asalinsa daga yankin Meziko ne, Turawan Fotugal suka yaɗa shi zuwa Afirka, manoma kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu don ko akuya ba ta kula shi, reshe kawai za ka kafa ya kama. Kowane ɗa yakan zo da baƙaƙen ƙwayoyi uku, kuma abin takaicin shi ne ba su da ɗaci. Ɗanɗanonsu kusan na gyaɗa ne. Shi ya sa yaro ba ya tsayawa a ɗaya, ya ci ya miƙa wa ƙaninsa. Man da ke cikinsu yana ɗauke da guba mai ƙona hanji, bayan rabin awa zuwa 'yan awanni sai amai da gudawa da murɗar ciki. Galibi ana warkewa, amma ƙaramin yaro ruwan jikinsa kan ƙare da wuri.

Idon zakara ya fi shi mugunta. Jajayen 'ya'yan nan masu ɗigon baƙi, da ke laulaye jikin shinge, ƙwaya ɗaya idan aka tauna ta sosai tana iya kisa, kuma alamun kan yi jinkirin bayyana, har iyaye su saki jiki. Zaƙami kuwa kai yake juyawa.

Masu cewa "ai tsuntsu ya ci" su daina. Cikin tsuntsu daban, na mutum daban. Launi ma ba hujja ba ne, haka zaƙi. Itacen ake ganewa gaba ɗayansa, ganye da fure da ƙaya, daga bakin wanda ya san shi, ba ɗan da aka tsinta a ƙasa ba.

Idan har yaro ya ci, kada a ɗura masa manja ko a tura masa yatsa don ya yi amai. A ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan in yana iya sha, a wuce asibiti, a tafi da reshen da ragowar 'ya'yan domin likita ya ga abin da aka ci.