Tashar Nukiliya: Ruwa Ne Ke Zaɓen Wuri

A Janairun 2021 'yan tawaye suka fasa turakun lantarki, Maiduguri ta yi wata da watanni cikin duhu. 'Yan uwa mazauna Ikko na iya tambaya, me ya hana a kafa tashar nukiliya a Borno?

Amsar ita ce ruwa. Injin nukiliya sai da ruwa mai yawa na sanyaya shi, ga shi Tafkin Chadi ya ja baya tun farin shekarun 1970. Kafin hukumar NNRA ta ba da lasisi, wajibi ne a binciki ƙasa, ruwa, ambaliya da yawan jama'a. Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, waɗanda aka zaɓa a 2015, duk kusa da kogi suke. Fashewar madatsar Alau a 2024 kuwa ta nuna binciken ambaliya ba wasa ba ne.