Tsatsa a Ƙarƙashin Mota: Yadda Take Shiga da Yadda Ake Tare Ta

A fitowarmu ta wannan mako za mu leƙa wani wuri da ba a cika dubawa ba, wato ƙarƙashin mota. Yawancin masu mota suna kula da fenti da gilashi da kujeru, amma a ƙasa ne shasi yake, wato ƙashin bayan mota, tare da bututun man birki da tankin mai da salansa. Idan tsatsa ta huda bututun birki, man zai tsiyaye, direba ya taka birki ya ji wayam. Mu da muke hawa bas daga Kongo zuwa Kwangila ko Samaru, wannan magana ta shafi rayukanmu.

Mece ce tsatsa?

A darasin kemistiri mun koyi cewa abubuwa uku ne suke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe da ruwa da iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Idan aka cire ɗaya daga cikin ukun, tsatsa ba za ta samu ba. Gishiri kuwa yana ƙara mata sauri, domin ruwan gishiri ya fi ruwa zalla ɗaukar lantarki, kuma da ɗan motsin lantarki ne ƙarfe yake narkewa ya koma tsatsa.

Abin da ya sa take da haɗari shi ne ba ta manne wa ƙarfe. Tana kumbura, ta ɓare kamar ɓawon itace, ta buɗe sabon ƙarfe ga ruwa da iska, sai aikin ya sake farawa har ƙarfen ya huje. Wani abin sha'awa, jan launin ƙasar marmara da muke takawa a unguwanninmu daga irin wannan haɗuwa ta ƙarfe da oksijin ya samo asali.

Ina take fito mana a Zariya?

Allah ya yi mana gata da yanayi. Ba mu kusa da teku kamar Legas, inda iska take ɗauke da gishiri, kuma a lokacin hunturu iskarmu takan bushe ƙamas. Idan laimar iska ta yi ƙasa da kashi 60 cikin 100, tsatsa tana tafiya ne a hankali ƙwarai. Duk da haka tana da ƙofofi biyu da take shigo mana.

Ƙofa ta farko ita ce damina. Zariya takan samu ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, yawancinsa tsakanin Mayu da Satumba. Motar da ta bi layukan Tudun Wada a watan Agusta takan kwaso laka, lakar ta liƙe a saman tayoyi da lungunan shasi. Bayan rana ta fito, bodin mota ya bushe, amma cikin lakar nan yana nan da danshi na kwana da kwanaki, kamar an ɗaura wa ƙarfen jiƙaƙƙen tsumma. Tsakuwar da taya take watsawa kuma tana kankare fentin ƙasa, ta bar ƙarfe a fili.

Ƙofa ta biyu ita ce motocin da muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Da yawansu sun yi shekaru a Kanada da arewacin Amurka da Turai, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin sanyi domin ya narkar da ƙanƙara. Wasu kuma ambaliya ta taɓa shanye su, kamar dubban motocin da ruwa ya ci a birnin Houston a shekarar 2017. Irin wannan mota takan iso da ƙyalli a sama da ciwo a ƙasa, kyan ɗan maciji. Matsalar ba ƙarama ba ce ko a can. A shekarar 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasantawa ta kusan dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar shasin wasu manyan motocinsa.

Hanyoyin kariya

Duk wata kariya manufarta ɗaya ce, ta shiga tsakanin ƙarfe da ruwa. Ta farko daga masana'anta take zuwa: ana lulluɓe ƙarfe da tutiya, irin wadda ake yi wa kwanon rufi. Tutiya tana riga ƙarfe lalacewa, saboda haka ko an ɗan karce wurin, ita ce za ta fara cinyewa. Sauran kariyar kuwa mai mota ne yake ƙarawa, kuma kashi uku ce.

Na ɗaya, baƙin shafi mai kauri da ake yi da kwalta ko roba. Yana bushewa ya yi tauri, yana tare tsakuwa, yana kuma rage ƙarar hanya. Aibinsa shi ne idan ya tsufa yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita.

Na biyu, feshi mai laushi da ake yi da kaki ko mai na musamman, har da wanda ake samu daga gashin tumaki. Ba ya bushewa sarai, yana malala ya shiga lungu da cikin ƙofofi, inda hannu ba ya kaiwa. Sai dai ruwa yana wanke shi a hankali, don haka ana sabunta shi kusan duk shekara.

Na uku, maganin da ake shafawa a kan 'yar tsatsar da ta rage bayan an kankare. Yana mai da ita baƙa mai tauri, sannan a bi da fenti.

Yadda ake aikin daidai

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Shafi ba ya warkar da tsatsa. Idan aka fesa kwalta a kan laka ko tsatsa ko jiƙaƙƙen ƙarfe, an kulle ruwan ne a ciki, tsatsar ta ci gaba da cinta a ɓoye. Saboda haka tsarin shi ne: a hau da motar kan rami a wanke ƙasanta tas, a bar ta ta bushe sosai, a kankare tsatsa da buroshin waya, inda ya huje a kai wa mai walda, sannan a yi shafin. Ba a fesa wa salansa saboda zafinta, ba a fesa wa birki, kuma ba a toshe ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofofi, domin ta nan ruwa yake fita. Lokacin da ya fi dacewa a wurinmu shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris, kafin hadari ya fara haɗowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma al'adar fesa baƙin mai, wato tsohon man inji, a wasu wuraren wankin mota. Yana da araha, amma yana lalata robobin ƙafar mota, yana tara ƙura, yana iya hayaƙi ko kama wuta a kan salansa mai zafi. Wanda ya ɗiga ƙasa kuma ruwan sama ne zai kwashe shi zuwa kwata, daga nan zuwa Kubanni, inda manoman rani suke ban ruwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: wanke laka da ruwa zalla bayan an bi hanya mai taɓo ya fi wannan feshi amfani.

Ga wanda zai sayi mota, mu gaya wa iyayenmu su tafi da bakanike da tocila. Idan tsohuwar mota ce amma ƙasanta baƙi wuluk da sabon shafi, a tambayi dalili, a ƙwanƙwasa shasin a ji ko ƙarfe ne ko ɓawo.

Mu gwada da kanmu

A samo kwalabe huɗu da sabbin ƙusoshi huɗu. A ta farko a sa ƙusa a rufe ba ruwa. A ta biyu a zuba ruwan famfo zuwa rabin ƙusa. A ta uku a zuba ruwan gishiri. A ta huɗu a shafe ƙusar da man kaɗanya kafin a zuba ruwa. A ajiye su mako guda, a riƙa rubuta abin da aka gani kullum. Duk ajin da ya yi gwajin ya kawo mana sakamakonsa, za mu liƙa shi a wannan allo. Kafin nan, masu zuwa makaranta da keke ko babur su duba sarƙa da ƙasan firam yau bayan an tashi, su goge laka, su ɗiga mai.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta