Kafin Ka Miƙa wa Ƙaninka Waya: Yadda Gem Zai Koya Masa "Ciki" da "Waje"

A gidaje da yawa a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, da zarar yaro ya fara rigima sai a miƙa masa waya ya yi shiru. Tunda wayar taka ce, mai karatu, kai ne za ka zaɓi abin da zai gani.

Kwanakin baya na haɗa wani ɗan gem da MIT App Inventor domin 'yar yayata mai shekara 3. Ɗan tsako ne za ta ja da yatsa, ta saka shi cikin akurki ko ta fito da shi. Ba ta daɗe ba ta ƙware. Amma da na ba ta cokali na ce ta ajiye a bayan kwano, sai ta tsaya tana kallona. Yatsanta ya iya, kalmar ba ta zauna ba.

Nan na lura da abin da Hausa ta tanadar mana. Kalmomin wuri da yawa daga jikin mutum suke: kan tebur, cikin kwano, bayan ɗaki, bakin ƙofa, gindin bishiya. Yaro ya san kansa da cikinsa da bayansa tun kafin ya san waya. Sai na riƙa taɓa bayanta in ce "baya", sannan mu koma kan gem ɗin, daga nan mu fita tsakar gida mu maimaita da kwano da cokali.

Idan ba za ka haɗa naka ba, gwada GCompris. Kyauta ce, an yi ta don yara 'yan shekara 2 zuwa 10, kuma tana aiki ba data. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a nan. Mun tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, duk manhajar da ke jiran intanet ta zama hoto. Khan Academy Kids ma kyauta ce, amma Turanci take yi, don haka ka rage murya ka riƙa faɗin kalmomin da Hausa.

Ka kula da lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allon waya, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Ka kunna App pinning a saitin Android don kada ya faɗa TikTok.

Fara da ciki da waje, sai sama da ƙasa, sannan gaba da baya. Hagu da dama sukan ɗauki lokaci, kada ka matsa masa. Yau da yamma, bayan gem ɗin, ka ce ya ɗauko maka takalmi daga ƙarƙashin gado.