Motar Salun 'Yar Waje: Inda Take Ba da Matsala da Abin da Gyaranta Ke Ci

Mafi yawan ƙananan motoci ƙirar salun da ke kai-komo a titunan Nijeriya da Nijar ba sababbi fil aka sayo su ba. Motoci ne da suka riga suka yi wa wasu bauta a Amurka ko Kanada ko Turai kafin a ɗoro su a jirgin ruwa, waɗanda ake kira tokumbo a Kudu, a Arewa kuma a ce Beljiyam ko 'yar Kwatano. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu har miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. A zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ke kan ganiyarsa, ma'aikaci kan samu sabuwar 504 wadda kowane bakanike ya san cikinta da bayanta. Yanzu abin da mai matsakaicin ƙarfi ke iya kaiwa gare shi shi ne motar da ta shekara goma ko fiye a hannun mutumin da bai taɓa gani ba, kuma kuɗin da ya miƙa wa dillali somin-taɓi ne kawai na abin da za ta ci.

Matsala ta farko tana cikin tarihin motar, wanda fenti ba ya nunawa. Da yawa daga cikin motocin da ke sauka a tashoshin Tin Can da Apapa a Legas daga filayen gwanjo na Amurka ake sayo su, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke karyar da motocin da suka yi haɗari bayan sun biya masu su diyya. Wannan shi kaɗai ba aibu ba ne. Ladan gyara a Amurka yana da tsada ƙwarai, har tsohuwar mota kan shiga gwanjo saboda lotsewar ƙofa da fashewar fitila, alhali injinta lafiya lau. Abin tsoro shi ne wadda dukan ya kai ga shasi. Fanabita zai ja ƙarfe, ya shafe wurin, ya fesa fenti, mota ta fito tana sheƙi, amma da wuya ta sake tafiya a miƙe: taya na cinyewa ta gefe ɗaya, sitiyari na ja, kuma idan aka sake yin karo ƙarfen ba zai kare na ciki kamar yadda aka ƙera shi ba. Jakar iskar da ta riga ta fashe ma, wasu ba sa sayen wata. Rufe gurbin suke yi, su kashe fitilar da ke tona asiri.

Mafi munin duka ita ce wadda ruwa ya ci. Guguwar Harvey da ta auka wa birnin Houston a 2017 ta nutsar da ɗaruruwan dubban motoci, kuma irinsu a gwanjo suke ƙarewa. Motar ambaliya kyan ɗan maciji gare ta. Takan tashi ta yi watanni tana tafiya, tsatsa na cin kawunan wayoyi a ɓoye, sannan cututtuka su fara bayyana ɗaya bayan ɗaya: yau gilas ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi kwamfutar motar ta mutu. Mai gyaran waya zai yi ta bin matsalar ba ta ƙarewa. Warin dausayi a ƙarƙashin kafet, busasshiyar laka a ramin safaya taya, da tsatsa a kusoshin kujeru su ne alamunta. Wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka kuma ƙarƙashinta ake dubawa, domin gishirin da ake watsawa a titi lokacin dusar ƙanƙara yana cin ƙarfe da bututun birki.

Akwai hanyar gano yawancin wannan kafin a biya kuɗi. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, a gindin gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba. Ga motar Amurka, kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck suna sayar da rahoton tarihinta, kuma sau da yawa rubuta lambar a intanet kawai kan fito da hotunanta na ranar gwanjo, kafin fanabita ya taɓa ta. A rahoton ne ake kama agogon tafiya da aka mayar baya. Ko agogon na gaskiya ne, motar Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, saboda haka wadda ta nuna 150,000 ta yi tafiyar kusan kilomita 240,000.

Bayan tarihi sai raunin da kowace ƙira ta zo da shi tun daga masana'anta. Toyota ta yi suna wajen juriya, kuma ta cancanci sunan, amma Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin lita 2.4 an san ta da shan baƙin mai saboda matsalar ringi da fistin, har kamfanin ya tsawaita garanti a Amurka a kan haka. Mai irin wannan mota da ba ya zaro sandar awon mai a kai a kai yana iya wayar gari injinsa ya buga. Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, da mai silinda shida ta 2003, sun sha kuka a kan giyar otomatik. A hanyoyin nan kuma an fi sanin Accord ta 2003 zuwa 2007 da tsinkewar bol-join na ƙasa, abin da ke sa tayar gaba ta kwanta a tsakiyar titi. Yawanci yakan yi gargaɗi da ƙara kafin ya tsinke, kuma na jabu shi ya fi saurin cin amana.

Nissan Altima da 'yan'uwanta suna amfani da giya nau'in CVT, wadda bel na ƙarfe ke juyawa maimakon haƙora. Ta ba da wahala har Nissan ta tsawaita garantin motocin 2003 zuwa 2010 zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Wannan garanti ba ya tsallako teku, kuma ya daɗe da ƙarewa. Giyar ba ta son zafi, ba ta karɓar kowane mai sai nata, kuma kanikawa kaɗan ne ke iya buɗe ta su gyara. Idan ta mutu sai dai a sayo wata ta hannu a ɗora, ita ma ba a san kwana nawa ya rage mata ba. Peugeot 406 tana da farin jini a Arewa, amma ba banza ba direbobin haya suka fi son mai giyar hannu: giyar otomatik ɗinta, AL4, ta yi ƙaurin suna.

Motocin Jamus wani babi ne. Mercedes-Benz da BMW suna da daɗin tuƙi da kwarjini, kuma idan sun tsufa farashinsu kan faɗo har ya yi daidai da na Camry. Kuɗin gyaransu ne ba ya faɗowa. E-Class ta 2003 zuwa 2006 tana da birki mai aiki da famfon lantarki, wanda ke da iyakar adadin taka birki kafin a canja shi, kuma ba shi da araha. BMW 3 Series ta wajen 2006 zuwa 2011 mai silinda shida tana da famfon ruwa na lantarki da kan mutu ba sallama, ga sassan roba a hanyar ruwa da ke tsagewa idan sun sha zafi. Wanda kuɗinsa ya tsaya daidai farashin sayen irin wannan mota, gaskiya bai isa riƙe ta ba tukuna.

Akwai lahani guda da ya shafi rai kai tsaye. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda aka sa a motocin Honda da Toyota da Nissan da BMW da wasu, suna ɗauke da sinadarin da zafi da danshi ke lalatawa. Idan jakar ta tashi a lokacin haɗari, gwangwaninta na iya tarwatsewa ya watsa ƙarafa a fuskar direba. An yi kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Motar da aka fitar kafin a canja mata tana nan da tsohuwar jakar, a ƙasar da zafi ya fi na inda ta fito. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, tana da shafin da ake sa lambar shasi kyauta a ga ko akwai kiranyen da ba a cika ba.

Sai dai ba duk laifin ne ke tahowa a jirgi ba. Kaso mai tsoka na lalacewar waɗannan motoci a nan yake faruwa. Ramuka da tudun rage gudu suna cinye shokazoba da bushin, suna fasa kaskon mai a motar da aka ƙera ƙasa-ƙasa don titi mai santsi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska tun kafin lokacin da littafin mota ya ɗiba. Man fetur ma ba kullum yake da tsabta ba. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, kuma masu motoci da dama sun koka da lalacewar inji.

Abin da ya fi waɗannan ɓarna shi ne wasu al'adun gareji da suka samo asali tun zamanin motocin kafireto. Da mota ta iso, sau da yawa shawarar farko ita ce a cire tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi, a kuma haɗa fanka kai tsaye. Tamostat ƙaramin bawul ne da ke riƙe inji a daidai zafin da aka tsara masa. Idan aka cire shi, inji kan daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur, shan mai ya ƙaru, sassan ciki su riƙa gogewa, fankar da ba ta hutawa kuma ta ƙone da wuri. Ana zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji mai launi, tsatsa da gishiri su toshe hanyoyi, ƙarshenta inji ya yi zafi ya ƙona gasket. Ana zuba baƙin mai mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta masa 5W-20 a murfi, alhali ƙananan hanyoyin mai na injunan zamani ba sa wuce da mai kauri cikin sauri. Ana zuba kowane jan mai a giya, bayan Honda da Toyota da Nissan kowanne da nasa. Matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, ita kuma ana fasa ta a kwashe, wani lokaci ba da sanin mai mota ba, saboda ƙarafa masu daraja irin su filatinam da ke cikinta. Daga nan fitilar gargaɗin inji ba ta sake mutuwa, mai mota ya saba da ganinta, ranar da babbar matsala ta zo ba abin da zai sanar da shi.

Ta fuskar kuɗi, dala ce ke yanka farashi, domin kusan duk kayan gyara daga waje suke zuwa. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan dala 100 ya tashi daga kimanin naira 75,000 zuwa sama da 150,000 ba tare da an ƙara masa komai ba, ga kuma janye tallafin fetur a Mayun 2023 da ya sa motar da ke zuƙar mai ta zama nauyi. A kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas, kaya iri uku ake samu: sabo na asali mai tsada, na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabo mai araha wanda galibi kwalinsa ya fi abin da ke ciki kyau. Na ukun ne ke sa a biya kuɗin aiki sau biyu. Yawan mota a gari shi ke sauƙaƙa kayanta, shi ya sa gyaran Corolla ko Camry ya fi na ƙirar da ba a cika gani ba sauƙi, wadda kan kwana makonni a gareji ana jiran saƙo daga Legas ko Dubai.

Wani ɓoyayyen kashe kuɗi shi ne gyaran lalube: a canja fulogi, bai yi ba; a canja nozul, bai yi ba; a canja famfon mai. Duk motar da aka sayar a Amurka daga ƙirar 1996 tana da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta karanto inda kwamfuta ta ga matsala. Kuɗin wannan bincike bai kai na kaya guda da aka canja a banza ba, ko da yake na'urar hanya take nunawa, sai an haɗa da bakaniken da ya iya fassara abin da ta faɗa.

Kafin ciniki ya faɗa, ya kamata bakaniken mai saye, wanda ba shi da la'ada a wurin dillali, ya duba motar da safe inji na sanyi, a ɗaga ta a leƙa ƙasa, a tuƙa ta har giya ta zagaya duka. A guji wadda aka mayar wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma juyin da ake yi a gareji yakan taɓa sitiyari da birki da wayoyi. A tantance takardun kwastan, musamman ga 'yar Kwatano, domin a Janairun 2017 dokar hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa ta fara aiki, kuma motar da takardunta na bogi ne ana iya kama ta ko ta canja hannu sau uku. Inshorar dole, wadda ta koma naira 15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba gyaran motar mai ita ba. Bayan saye kuma akwai aikin farko da ba a ɗagawa: juye baƙin mai da man giya da man birki da ruwan lagireto, duba shekarar da aka ƙera tayoyi, da canja bel ɗin taimin a injunan da ke amfani da shi, irin su Accord mai silinda shida da 406, domin idan ya tsinke ana cikin tafiya fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su. Kuɗin wannan aiki cikin farashin mota ake lissafa shi tun kafin a fara tayi.